Ni da Sikelin Asibiti

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Yaya kunnen? Tun da ya yi nauyi waya ta zame mana azaba, ni ina ihu har maƙwabta su ji sirrina, ke kina ta "Na'am? Me kika ce?" Shi ya sa na koma wa biro da takarda. Ko ba komai zan amayar da abin da ke cikina ba tare da kin katse ni ba.

Kin ga hoton da na aiko, har kika ce 'Yar Lukutarki ta ɓace, a nemo miki ita. Na yi dariya, amma Yaya, ashe tsugunne ba ta ƙare ba. Kin dai san likitan ƙashi ya ce gwiwata ta hagu ta cinye, ƙashi ne ke gugar ƙashi, sai an cire an sa ta ƙarfe. Ya kuma ce ba zai ɗora mini wuƙa ba sai na rage nauyi, don sabuwar ma ba za ta ɗauki kayan da tsohuwar ta gaza ɗauka ba. Na sha wuya na rage. Ranar da na koma ina taƙama, ina jiran a sa ranar aiki, sai mutumin nan ya gyara tabarau ya ce zubarwa ba ita ce aikin ba, riƙewa ce. Wai mutane da yawa sukan zubar, kafin shekara ta zagayo sun kwaso abinsu har da ƙari. Don haka sai na riƙe nauyin nan shekara guda cur, sannan a ba ni gado.

Ba sai na riƙa zuwa ba, in ji su, daga gida za a riƙa bibiyata. Suka ba ni wani sikeli na gilashi mai faɗin faranti, wanda ke magana da wayata, wayar kuma ta kai tsegumi asibiti. Suka jero mini dokoki kamar ana karanta wa ɓarawo laifinsa: a hau da safe, bayan an zagaya, kafin a sa komai a baki, a ajiye shi a daɓe mai tauri, wuri ɗaya, kada a riƙa ja da shi ɗaki-ɗaki. Ni dai ina ta gyaɗa kai, gwiwa na zugi, hankalina yana kan motar komawa gida. Sun ja mini iyaka. In nauyina yana ƙasa da ita, wayar ta nuna kore. In ya haura ta nuna ja, ja kuwa na nufin za a kira ni.

Mai kiran wata ma'aikaciyar jinya ce da ban taɓa gani ba. Murya kawai na sani, siririya, mai sanyi, irin ta yarinyar da ba ta taɓa kwana da yunwa ba. Kullum da "Ya jiki, Mama?" take buɗewa, har na sa mata suna Ya-jiki. Ba ta da faɗa, wannan ne ma ke ƙara ƙona mini rai, da za ta yi mini tsawa da na rama. Sai dai ta tambaya me na ci jiya, na taka ƙafa ko ban taka ba, barci fa. Kuma ba ta tashi kira sai ina shago, allura a baki, mai kaya tsaye a kaina tana jiran awo, ni kuma ina lissafa cokalin shinkafar da na ci a gaban jama'a.

Shagon ma ba ya taimakona. Maƙwabcina na dama soye-soye yake sayarwa, iska kuma kamar an aiko ta, ƙofata take nufowa. A gida ga Baban yara, ya lafta wa burodi bota, ya zuba sukari a shayi har cokali ya tsaya, ya zauna kusa da ni yana taunawa yana ce mini sannu da ƙoƙari. Shi da yake yini a durƙushe yana shimfiɗa wa mutane kafet, duk abin da ya ci a nan yake ƙonewa. Ni ko ƙamshi na shaƙa sai sikeli ya ji labari.

Ya-jiki ta ce in kyautar da manyan kayana, don kada su riƙa kirana. Kyauta? Ni tela? Na zauna na rage su ɗaya bayan ɗaya, amma ban yanke rarar yadin ba, na naɗe ta a ciki na bi da ɗinki. Haka aka koya mini, haka nake yi wa kowa.

Kada ki ce mita ta yi yawa, kin san abin da nake tsoro. Kin tuna Inna a shekarunta na ƙarshe, yadda muke ɗaga ta mu biyu, yadda take salla a bakin gado tana sunkuyar da kai kawai, tana cewa ita dai tana kewar ƙasa? Yaya, ni ma shekaru ke nan a kujera nake salla. Likita bai yi mini alkawari ba, ya dai ce da yawa sukan iya durƙusawa bayan aikin. Wannan "da yawa" ɗin nake riƙe da shi duk safiya in na hau gilashin nan.

Ki gaishe mini da kowa, ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
'Yar Lukuta

Yayata,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Ina fatan kuna lafiya, kuma zazzaɓin da ya kama ƙaramar jikarki ya sauka. Amsarki ta iso. Kin ce in yi haƙuri. Yaya, da haƙuri yana da nauyi, da tuni sikelin nan ya fashe.

Watannin nan ja ya fi kore yawa. Aikin kayan 'yan makaranta ya taso, sai in yini a kan keken ɗinki, in dawo ƙafa a kumbure, abin da na samu shi nake ci. Ya-jiki sai kira, sai kira. Ta ce in riƙa tafiya da yamma. Na ce da wace gwiwar? Ta turo mini bidiyon wata yarinya kamar tsinken tsintsiya tana ɗaga ƙafa a zaune tana murmushi. Na gwada. Baban yara ya shigo ya same ni ina harbin iska a kujera, ya ja da baya yana salati.

Abin da ya fi ci mini rai, wata rana na yi komai daidai, ba mai ba sukari, na kwana da yunwa kamar marainiya. Da safe na hau, ja. Washegari muka je dubiya gidan ƙanwarsa, aka ajiye mana taliya, kunya ta sa na ci, da safe na hau, kore. Na faɗa wa Ya-jiki, ta ce ruwan jiki ne ke hawa da sauka, kada in dubi rana ɗaya, in dubi mako. Na ce to ku me ya sa kuke duban rana ɗaya kuna kirana? Ta ce ba ita ke zaɓa ba, na'ura ce ke jera mata sunayen waɗanda suka yi ja, ita kuma ta bi su da kira, kuma muna da yawa a hannunta. Na ajiye wayar raina a jagule.

Sai kuma ga tsautsayi. Kin san ɗakinmu tayil ne, da safe sanyi kamar ƙanƙara, gwiwar kuma ba ta shiri da sanyi. Ranar nan na sauko daga sikelin ƙafata da ɗan danshi, santsi ya kwashe ni. Allah ya taimake ni na dafe bakin gado, amma gwiwar ta gurɗe, na yi kwanaki ban leƙa shago ba. Baban yara kuwa, kin san shi, da hannu yake magana. Ashe sun gama aikin wani otal, an bar musu ragowar kafet mai kauri, irin wanda ƙafa ke nutsewa. Ya kwaso shi, ya fitar da gado da kabad, ya shimfiɗa soso har ninki biyu a ƙasa, ya ɗora kafet bango zuwa bango, ko tafin hannu na tayil bai bari ba. Ya ce abin kunya ne matar mai kafet ta faɗi a tayil. Kafin ya fara sai da ya sa alli ya yi alama a bango daidai inda sikelin yake, da ya gama ya mayar da shi wurin ba kuskure, don na sha gaya masa sun ce wuri ɗaya. Yaya, da na taka kafet ɗin nan sai da na yi ƙwalla. Duk zaman da muka yi bai taɓa cewa yana sona da baki ba, sai dai irin wannan.

A kwanakin da nake kwance na yi zuciya na bar sukari gaba ɗaya, ko a shayi. Kuma kin san me? Ranar da na sake hawa kore ya fito, ba ma a bakin iyaka ba, can ƙasa. Na sauka na sake hawa, kore. Ya-jiki ta kira, karo na farko ba don laifi ba, ta ce saukar ta yi sauri, me na canza? Na ce sukari. Ta tambaya ko ina jin jiri ko kasala, na ce garau nake. Ta ce to madalla, in ci gaba da abin da nake yi.

Ashe sukari ne maƙiyina duk shekarun nan. Ki gaya wa maigidanki shi ma ya rage. Ina gaida yara.

Taki har kullum,
Ƙanwarki

Yaya,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya gajiya? Ki yafe mini dogon shirun da na yi, ba ciwo ba ne, aiki ne. Ina fatan maganin kunnen da aka canza miki ya karɓe ki.

Nan dai kore ne kullum. Za ki ce to me kuma ya rage na mita? Saurara ki ji. Tun da na zama kore ba wanda ya sake nemana. Duk safiya saƙo ɗaya ke shigowa, ko kalma ba ta canzawa: an gode, ki ci gaba da ƙoƙari, da hoton tafi a ƙarshe. Na'ura ce ke tafa mini, Yaya. Da ina ja, ina da mai tambayar barcina. Yanzu da na yi abin kirki an jefar da ni kamar tsumma. Ban taɓa zaton zan yi kewar "Ya jiki, Mama?" ba, amma da wayar ta yi motsi sai in tsinci kaina ina dubawa.

Ba zan ɓoye miki ba, na ɗan saki jiki. Da na ga akwai tazara tsakanina da iyakar, na ce ai rai dangin goro ne, yana son ban iska. Ranar da ɗinki ya yi yawa nakan miƙa hannu wurin mai soye-soye, ɗan kaɗan. Da yamma mukan ci abu ɗaya a faranti ɗaya ni da Baban yara kamar da, maimakon ni da ganyena a gefe kamar akuya. Lambar tana ɗan hawa a hankali, amma har yau ba ta taɓa iyaka ba. In sikelin asibiti bai yi ƙorafi ba, ni wace ce?

Abin dariya, Baban yara ma wai ya rame. Sikelin ba ya kai rahoto in wayata ba ta kusa, to ina shago ya saci jiki ya hau, ya ga ya ragu sosai a kan awon da aka yi masa bara. Yanzu yana bin abokansa da wa'azi, wai zama da mai rage ƙiba ma magani ne. Ni dai ban ga inda ya ragu ba, tumbin nan har yau yana riga shi shiga ɗaki, amma na bar shi da farin cikinsa.

Abin da ke ba ni haushi yanzu yadin zamani ne. Doguwar rigata mai ruwan toka, wadda kika ce ta yi mini kyau a hoto, wanki kaɗan ta tsuke a ƙirji. Baƙin siket ɗina zif ya ƙi hawa. Na yi wa mai wanki tas, na ce ruwan zafi yake sa musu, bawan Allah yana ta rantsuwa. Na kai su shago na farke ɗinkin na saki rarar da na bari a ciki, kaɗan-kaɗan. Kin ga amfanin rashin yankewa ke nan. Wata mai kawo mini ɗinki, bakinta ba linzami, ta dube ni ta ce, "Kai Tela, hutu ya karɓe ki, kumatu sun dawo." Na nuna mata koren da ke wayata na ce ta je ta yi gardama da asibiti. Tef ɗin awo yana rataye a wuyana daga safe har yamma, na auna ƙugun rabin matan unguwar nan, amma nawa me zan auna, bayan ga na'ura?

Ya-jiki ta kira sau ɗaya, kiran da suke yi wa kowa lokaci-lokaci. Cikin hira na ambata mata zancen kayan. Ta ce in samu rana in leƙo su auna ni a can, don a tabbatar. Na ce to. Amma ki duba, mota biyu zan hau, in yi layin kati, in yini a benci, don a gaya mini abin da wayata ke gaya mini duk safiya ina ɗakina. Ba don gudun wannan suka ba ni na gida ba? Ta sake tuna mini ta saƙo, na ce ina tafe. Ban je ba.

Albishir na ajiye miki a ƙarshe. Shekarar ta kusa cika, an sa rana. Farkon watan gobe zan kwanta, washegari a yi aikin. Na sallami ɗinkin mutane, na ce wa Baban yara ya nemi wanda za a ba kujerar sallata. Ki dage da addu'a.

Ina gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki mai jiran gado

Yaya,

Gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Ni ina gida. Ba a yi aikin ba.

Mun je da jaka da bargo da filas, Baban yara ya ajiye aiki. An ba ni gado, har an ɗaura mini abin nan na roba mai suna a hannu. Sai wata ma'aikaciya ta ce in zo a auna ni, ƙa'ida ce kawai. Sikelinsu na ƙarfe ne, a kan siminti, a bakin ƙofar ɗakin. Na cire takalmi na hau ina murmushi. Ta duba, ta ce in sauka in sake hawa. Na sake. Ta tafi ta kira wata. Yaya, kusan rabin abin da na zubar ya dawo.

Na ce sikelinsu ya lalace. Na ɗaga murya, ni da ban iya faɗa a waje ba. Na fito da waya ina nuna musu kore, wata da watanni, kore. Suka kai ni wani ɗaki, wani sikelin, magana ɗaya. Likitan ya zo ya zauna a bakin gadon ya ce ya san na yi ƙoƙari, amma da wannan nauyin haɗarin ya fi amfanin yawa, ba zai yi ba. A koma a sauke, a riƙe aƙalla rabin shekara, sannan a sake magana. Kafin mu gama naɗe bargo an kawo wata tsohuwa an kwantar a gadon.

Abin da ya fi ƙona ni kallon da ɗaya daga cikinsu ta yi mini. Na ji tana raɗa wa 'yar'uwarta wai ana yin haka, mutum ya ɗora 'yarsa a sikeli don ya yaudari asibiti. Ni? Duk safiyar Allah da ƙafafuna na hau gilashin nan, har ranar da nake zazzaɓi.

Muka shigo unguwa da jaka, maƙwabtan da suka raka ni da addu'a da safe suna leƙe. Mutane garin neman ƙiba suke samo rama, ni ban san me zan kira nawa ba. Na shiga ɗaki na hau sikelin, kore. Saƙo ya shigo, an gode, ki ci gaba da ƙoƙari, da tafi. Saura ƙiris in maka wayar da bango.

Kada ki rubuto ki ce in yi haƙuri. Ki bari tukuna.

Ƙanwarki

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali duka, na gode da ba ki ce in yi haƙuri ba. Kin cika takarda da zagin sikeli, kuma ya yi mini daɗi. Amma ki janye zagin, ba shi da laifi.

Washegarin dawowarmu Ya-jiki ta kira. Na ƙi ɗauka, sai da Baban yara ya ɗauka ya miƙo mini. Ta ce wannan karon kiran bidiyo take so, tana son ganin sikelin. Ranar na fara ganin fuskarta. Yaya, ba yarinya ba ce! Dattijuwa ce mai jiki, ta kusa kai ni, da tabarau da gajiya a idonta, tana zaune a wani ɗan ɗaki ba taga. Duk shekarar nan haushin wadda babu ita nake ji. Na juya wayar na nuna mata. Sai ta ce, "Mama, wannan kafet ɗin tun yaushe yake nan?"

Ta sa Baban yara ya kai sikelin kicin, kan siminti. Na hau, lambar asibiti ta fito ba ragi. Ya mayar ɗaki, na hau, kore. Ta yi mana bayani, wai ƙafafun sikelin ne ke ɗaukar awo, in suka nutse a abu mai laushi sai cikinsa ya zauna a kan kafet, kafet ya ɗauke wani nauyin, abin da ya rage shi ake nuna mini. Soso ninki biyu kuwa ai ba a magana. Daɓe mai tauri, sun faɗa mini tun ranar farko. Mun riƙe dokar wuri ɗaya har da alamar alli, mun saki ɗayar.

Na shirya sauke mata kwandon masifa, sai ta riga ni. Ta ce ranar da nauyin ya faɗi farat ɗaya zuciyarta ba ta kwanta ba, ya kamata ta ce in nuna mata ɗakin, amma jajaye da yawa suna jiranta, ta karɓi zancen sukari ta wuce. Ta ce in yafe mata. To me zan ce? Ita ta kira ni in zo a auna ni, ni na ƙi. Rigunana sun yi ta magana, na saki ɗinki don su yi shiru. Wanzami ba ya son jarfa. Har mai wanki sai da na ba shi haƙuri.

Shi kuwa Baban yara, yana ajiye sikelin ya fita waje ya zauna a kan bokiti. Na yi kwanaki ban yi masa magana ba, ba don ya yi laifi ba, sai don ba ni da wanda zan yi fushi da shi in ba shi ba. A yi fushi da mutum don ya tausaya wa gwiwarka? Takaicin ke nan, Yaya, ba shi da wurin sauka. Rannan ya shigo da kayan aikinsa ya ce zai ɗaye kafet ɗin gaba ɗaya ya ƙona. Na ce in ya taɓa shi sai mun ɓata, gwiwar ba ta daina ƙin sanyi ba, ya yanke daidai wurin sikelin kawai. Kin san mutumin da ko tabon shayi ba ya so a aikinsa. Ya durƙusa ya auna, ya sa reza ya huda aikin da ya fi alfahari da shi, kafet da soso, har tayil ya bayyana. Bai ɗago ba ya ce, "Ashe ni ma ban rame ba." Na yi dariya har ta koma kuka.

Yanzu an koma gidan jiya. Ja ne kullum, ja na gaske, kuma zai daɗe yana ja. Na koma wa ganyena, mai soye-soye ya koma gaishe ni daga nesa. Ya-jiki ta ce duk wata za ta kira da bidiyo, ko kore ko ja, kuma in riƙa auna ƙuguna da tef duk mako in turo mata. Ranar farko na tura ƙofar shago na zagaya tef ɗin, na ga lambar, na zauna a kan keke na daɗe ban taka ba. Rabin shekara, Yaya, kuma sai bayan an sauke abin da ya dawo za a fara ƙirga ta. Gwiwar ba jira take ba, jiya da ƙyar na hau dakalin shago. Ni da na samu gado, har da suna a hannu. Kujerar salla da aka yi wa wani alkawari tana nan inda take, Baban yara ya je ya ba mutumin haƙuri.

Guntun kafet ɗin da ya yanke ya ɗauka zai jefa a shara, na karɓe. Kin san tela da ƙyalle. Na tafi da shi shago na bi gefensa da baƙin yadi, har allura ya karya mini. Ya tambaye ni me zan yi da abin da ƙafa biyu ma da ƙyar ya ɗauka. Ke zan gaya wa: na gwada, ya ishi goshi da tafin hannu biyu. Na ɗora shi a kan kabad. Shi ya ɓoye mini nauyina, shi zai fara ɗaukar goshina in Allah ya kai mu.

Bari in tsaya nan, wayar tana ƙara, na kuma san mai kiran. Ki gaishe mini da maigidanki da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
'Yar Lukuta, har yanzu dai